NAZARI: Ɗinkin hoton ƙashin baya a ɗakin tiyata, da tambayar wa ke duba gaɓar ɗinkin

A ɗauka an kwantar da yarinya 'yar shekara 14 rubda ciki a kan gadon tiyata, an sa ta barci, an tsaga bayanta daga tsakanin kafaɗu har zuwa ƙugu. Ƙashin bayanta ya karkace ya wuce digiri 50, matakin da likitoci kan yanke shawarar yin tiyata. Aikin da ke gaban likita shi ne ya ɗaura kusoshi masu murɗi kusan 20 a jikin gaɓoɓin ƙashin, ya sarƙa su da sandunan ƙarfe guda biyu, sannan ya miƙar da bayan a hankali. Kowace kusa za ta bi ta cikin wani siririn ƙashi wanda a daidai tsakiyar ƙirji faɗinsa milimita 4 zuwa 6 ne kacal, a bayan da ya karkace ma yakan fi haka siranta. Idan kusar ta kauce zuwa ciki, laka ce a wurin, kuma taɓa ta na iya jawo shanyewar ƙafafu har ƙarshen rayuwa. Idan ta zarce gaba ta ɓangaren hagu, babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya ce za ta tarar.

Saboda haka likita yake buƙatar ganin cikin ƙashin tun bai rufe tsagar ba. Akwai na'urorin da ke ba shi wannan dama. Ana turo su ɗakin tiyata a kan tayoyi, su kewaya majinyaci cikin kimanin daƙiƙa 13 zuwa minti ɗaya, gwargwadon samfurin, su fito da hoto mai fuska uku, wato mai tsawo da faɗi da kauri, wanda za a iya juya shi a allon kwamfuta a duba ta kowace kusurwa. Sai dai idon waɗannan na'urori gajere ne. Galibinsu tsawon abin da suke ɗauka a kewaye ɗaya kimanin santimita 16 ne, bai kai tazarar da ke tsakanin babban yatsa da ɗan-yatsan tsakiya na baligi idan ya buɗe hannunsa ba. Shi kuwa ƙashin bayan baligi tsawonsa santimita 60 zuwa 70 ne. Likitan da ke gyara gaɓoɓi 12 yana ganin huɗu ko biyar ne a lokaci guda.

Dabarar da injiniyoyi suka daɗe suna gogawa domin toshe wannan giɓi ita ce a ɗauki hotuna biyu ko uku a jere, sannan manhaja ta ɗinke su su zama dogon hoto guda. Abin a baki mai sauƙi ne. Amma duk wanda ya san aikin saƙar gargajiya ya san cewa masaƙi siraran ƙyallaye yake fitarwa, maɗinki ne ke haɗa su su zama zane, kuma idan zanen zai yage, daga wurin haɗin yake farawa.

Yadda ido ya shiga ɗakin tiyata

Tun a watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano haske mai ratsa jiki a birnin Würzburg na Jamus, amma hoton da yake bayarwa inuwa ce shimfiɗaɗɗiya, gaba da baya duk sun hau kan juna. Sai a watan Oktoba na 1971 aka fara ɗaukar hoton CT na majinyaci, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, aikin da ya kai shi da Allan Cormack ga lambar yabo ta Nobel a 1979. Ita CT yanka-yanka take ɗaukar jiki, kamar yadda ake yanka burodi, sai kwamfuta ta jera yankan. Amma ƙatuwar na'ura ce mai ɗakinta daban, ba a kai mata majinyacin da bayansa ke buɗe.

Mafita ta zo ne ta inda ba a zata ba. A 1984 wasu masu bincike uku na kamfanin motoci na Ford, Feldkamp da Davis da Kress, suka wallafa tsarin lissafin da ke fitar da hoto mai fuska uku daga hasken da ya bazu kamar mazurari, a kewaye ɗaya tak. A kan wannan lissafi aka gina ƙananan na'urorin ɗakin tiyata. A farkon shekarun 2000 kamfanin Siemens ya fito da na'ura mai siffar lauje da ke iya wannan aiki, sai O-arm mai siffar zobe, wadda kamfanin Medtronic na Amurka ya saye a 2007. Aka kuma haɗa su da na'urar jagora: a maƙala wata alama mai ƙananan ƙwallaye masu sheƙi a jikin ƙashin majinyaci, kyamara ta riƙa bibiyar ta tare da kayan aikin likita, sai ya riƙa ganin bakin kusarsa a allo tana shiga ƙashi, kamar yadda direba ke ganin motarsa a taswirar waya.

Inda ɗinkin yake da rauni

Mai karatu da ya taɓa ɗaukar dogon hoton fanorama da wayarsa ya riga ya san tushen dabarar. Waya tana ɗaukar hotuna da yawa, gefen kowanne ya hau kan gefen na gaba, sai ta nemi abubuwan da suka bayyana a duka biyun ta daidaita su. Ya kuma san abin da ke faruwa idan wani ya gitta ana cikin ɗauka: sai mutumin ya fito da kai biyu ko rabin jiki. A ɗakin tiyata ma haka ne. Domin a rufe santimita 40 da na'ura mai ganin 16, a bar santimita 4 na hawa kan juna a kowace gaɓa, sai an yi kewaye uku. Manhaja za ta dubi gaɓar ƙashin da ta fito a ƙarshen hoto na farko da farkon na biyu, ta juya ɗaya ta matsa shi har su zauna daidai. Wasu na'urorin kuma suna taimaka mata da bayanin nisan da gado ko zoben ya gusa.

Matsala ta farko a cikin lissafin kansa take. Tsarin na 1984 yana ba da cikakken daidaito ne a tsakiyar hoton kawai. Duk yadda aka matsa zuwa gefen sama ko na ƙasa, hoton sai ƙara dushewa da gurɓata yake yi. To, gefunan nan su ne ake haɗawa. Wato wurin da kowane hoto ya fi rauni, shi ne wurin da aka ɗora wa nauyin daidaita su duka.

Ta biyu, majinyaci ba gunki ba ne. Na'ura ce ke hura masa numfashi, kuma kowane numfashi yana ɗaga ƙirji da ƙashin baya. Likitan sa barci yakan dakatar da numfashin na ɗan lokaci yayin ɗauka, amma ba tabbas huhu zai tsaya a wuri guda sau uku a jere. Ƙashin baya kuma sarƙa ce mai lanƙwasa, musamman bayan likita ya sassauta jijiyoyin da ke riƙe da ita. Manhajar da ta ɗauka cewa dukkan bayan sanda ce guda mai tauri za ta tilasta wa hotunan haɗuwa ko da abin da suka ɗauka ya riga ya motsa. Ga kuma ƙarfe: kusoshin da aka riga aka ɗaura suna watsa baƙaƙe da fararen zane-zane a hoton, su lulluɓe gefunan ƙashin da manhajar ke laluba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan fanni ɗan ƙaramin lissafi ne da ɗan sakandare zai iya yi. Idan aka karkace da digiri ɗaya kacal a wurin haɗi, to a nisan santimita 30 daga nan kuskuren ya zama milimita 5 da ɗoriya. Rabin digiri ma ya haura milimita 2 da rabi. Ma'aunin da likitocin ƙashin baya suka fi amfani da shi wajen auna zaman kusa, wanda Gertzbein da Robbins suka fitar a 1990, a matakan milimita biyu-biyu yake tafiya, kuma kaucewar da ba ta kai milimita 2 ba ita ce akan karɓa. Idan gaɓoɓin ɗinki biyu ne, kuskuren na biyu kan na farko yake hawa. Hoton waya idan ya lalace, kai biyun da ya fito ya ishe ka shaida. Wannan kuwa santsi yake fitowa, don an tsara manhajar ne ta shafe alamar haɗin. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma abin da likita ke gani a allon ba hoton da na'ura ta ɗauka ba ne kai-tsaye, sakamakon lissafi ne da aka yi wa kwalliya.

Wannan ba ya nufin dabarar ba ta da amfani. A fahimtata, amfaninta na gaskiya shi ne auna tsayuwar bayan gaba ɗaya kafin a rufe: shin karkacewar ta ragu yadda aka tsara, shin kai zai zauna daidai saman ƙugu, shin kafaɗu sun yi daidai. Waɗannan tambayoyi ne da guntun hoto ba zai amsa ba, kuma idan aka gano kuskure bayan majinyaci ya farka, gyaransa tiyata ce ta biyu, da sabon jini da sabon kuɗi da sabon haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Haka abin yake a karayar ƙashin ƙugu, wanda faɗinsa ya fi ƙarfin hoto guda, da karayar cinya inda ake so a tabbatar ƙafar ba ta murɗe ba. Amma wajen saita kusa da milimita, hoton da aka ɗauka daf da wurin aikin, da alamar jagora a kusa da shi, ya fi dogon hoto abin dogaro. Ko wajen auna tsayuwar ma akwai iyaka, domin bayan mutumin da ke kwance cikin barci daban yake da bayan wanda ya miƙe tsaye nauyinsa ya hau kansa.

Haraji da jiki ke biya

Kowane kewaye na na'urar haske ne mai ratsa jiki, kuma wurin da hotuna suka hau kan juna sau biyu yake sha. Likita da ma'aikatan jinya kan koma bayan kariya ko su fita ɗakin yayin ɗauka. Majinyaci ba shi da wurin zuwa. Mafi yawan waɗanda ake yi wa tiyatar karkacewar baya kuwa 'yan mata ne masu tasowa, kuma ƙirjinsu yana cikin hanyar hasken.

Ba zato ba ne. A shekarar 2000 aka wallafa wani bincike a Amurka da ya bibiyi mata 5,573 da aka yi ta ɗaukar su hoton ƙashi suna yara saboda karkacewar baya. An samu 77 da sankarar mama ta kashe, alhali kimanin 46 ake tsammani a irin wannan adadi. Gaskiya ne na'urorin wancan zamani sun fi na yanzu fesa haske nesa ba kusa ba. Amma a 2012 mujallar The Lancet ta wallafa binciken yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya da aka yi wa hoton CT, inda aka ga haɗarin sankarar jini da ta ƙwaƙwalwa yana ƙaruwa da yawan hasken. Haɗarin ga yaro guda ƙarami ne, kimanin ƙarin mutum ɗaya ga kowace cuta a cikin hoton kai 10,000 na yara 'yan ƙasa da shekara 10. Ba wanda zai hana hoton da zai tsare laka saboda wannan. Tambayar ita ce ko kewaye na uku da na huɗu sun biya kuɗin sabulu.

Masu ƙera na'urori sun san da haka, shi ya sa ake neman wasu hanyoyin. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Jeffrey Siewerdsen sun yi aiki a kan ɗaukar dogon hoto ta siririyar kafa yayin da zoben O-arm ke tafiya a tsawon jiki, dabarar da ke ba da hoton kusan rabin mita da haske kaɗan, sai dai shimfiɗaɗɗe ne. Akwai kuma cikakkiyar CT mai tayoyi irin su Airo, wadda ke ɗaukar har mita ɗaya ba tare da ɗinki ba. Kamfanin Stryker ya sayi kamfanin da ya ƙera ta a 2019 a cinikin da aka ce zai iya kaiwa har Dala miliyan 500. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar ba ta likitoci ba ce su kaɗai, kasuwa ce babba.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙirƙirarriyar basira, kuma a nan ya kamata a rarrabe ɗinki da ciko. Ɗinki yana haɗa abubuwa biyu da aka auna. Ciko kuwa manhaja ce da ta koyi kamannin dubban ƙasusuwa, sai ta zana ɓangaren da na'ura ba ta gani ba bisa abin da ta saba gani. A 2020 masu bincike daga jami'o'in Oslo da Cambridge da wasu suka nuna a mujallar PNAS cewa irin waɗannan manhajoji na gina hoton asibiti suna iya rikicewa da ɗan ƙanƙanin motsi, suna kuma iya shafe ƙaramin abu da ke wurin da gaske. Mutumin da aka kwantar a gadon tiyata kuwa an kwantar da shi ne daidai saboda ƙashinsa bai yi kama da na kowa ba.

Wa ke sa hannu?

A Amurka, akasarin irin waɗannan na'urori da manhajojinsu suna shiga kasuwa ne ta hanyar da hukumar FDA ke kira 510(k), wadda ta samo asali daga dokar 1976. A wannan hanya kamfani zai nuna cewa sabon kayansa ya yi daidai da wani da ke kasuwa tuni, kuma sau da yawa ba a buƙatar gwaji a kan majinyata. Binciken Implant Files da ƙungiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta duniya, ICIJ, ta fitar a Nuwamban 2018, da hannun 'yan jarida sama da 250 a ƙasashe 36, ya tona yadda sassaucin sa ido a kan kayan asibiti ya jawo wa jama'a rauni da mutuwa, ya kuma nuna yadda ƙasashe da dama ke jingina da hatimin Amurka ko na Turai maimakon nasu gwajin.

Ko na'urar ba ta da aibi, saitinta na iya zama aibi. A asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles, majinyata 206 sun sha hasken CT da ya kai ninki takwas na yadda ya kamata, tsawon wata 18 tsakanin 2008 da 2009, bayan an sauya saitin na'urar. Ba a farga ba sai da wani majinyaci ya koka cewa gashinsa na zubewa. Wannan a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Amurka ke nan, mai ƙwararru a kowane lungu.

Nan ne maganar ta shafe mu. Najeriya ba ta ƙera waɗannan na'urori, sayen su take yi, kuma masu buƙatarsu suna nan birjik: waɗanda haɗarin mota ya karya wa baya da ƙugu, yaran da tarin fuka na ƙashin baya ya bar su da doro, da matasan da bayansu ya karkace ba a gano da wuri ba. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano da Igbobi a Legas da Inugu sun daɗe suna karɓar irinsu. A Ghana, asibitin FOCOS da Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya buɗe a Pantang kusa da Akara a 2012, bayan shekarun da ya yi yana jagorantar sashen karkacewar baya a wani babban asibitin ƙashi na New York, ya tabbatar da cewa ana iya yin tiyatar baya mafi wahala a Afirka ta Yamma. Ga asibitin da ba zai iya sayen CT mai tayoyi ba, manhajar ɗinki a kan ƙaramar na'ura hanya ce mai sauƙin kuɗi, kuma dillalai za su tallata ta da wannan hujja. Hujjar ba ƙarya ba ce.

Sai dai na'urar da za a dogara da ita a kan milimita tana son a riƙa gwada ta a kai a kai da wani gunkin gwaji da aka san ma'auninsa, tana son masanin kimiyyar haske na asibiti da zai lissafa abin da kowane majinyaci ya sha, tana son gadon tiyata da haske ke ratsawa, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ana tsakiyar kewaye ba. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, manyan asibitocin koyarwa ke kokawa da kuɗin lantarki. Binciken da masana a Jami'ar Duke suka wallafa a 2011, a kan kayan asibiti 112,040 a ƙasashe masu tasowa 16, ya gano kashi 38 cikin 100 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin kulawa da rashin ababen more rayuwa. Na taɓa raka wani ɗan'uwana da ya yi haɗari zuwa wani babban asibitin gwamnati, aka nuna mana ƙofar ɗakin CT a kulle, aka rubuta mana sunan wani wurin kuɗi a cikin gari. Allon ƙaddamar da na'urar, mai ɗauke da sunan wanda ya yanke zare, yana nan manne a bango. Na'urar da ta mutu aƙalla kowa ya san ta mutu. Wadda saitinta ya gusa kuwa za ta ci gaba da fitar da kyakkyawan hoto.

A takarda akwai masu alhaki. Hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin duk na'urar da ke fitar da irin wannan haske. NAFDAC ce ke rajistar kayan asibiti. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsara yadda za a ba da kwangila. Amma manhaja takan sauya bayan an sayi na'ura, injiniyan kamfani ya zo da sabon samfuri ya ɗora ya tafi, kuma manhajar ce ke yanke hukuncin inda ƙashi na takwas ya haɗu da na tara. Gwamnatin Tarayya da ba ta taɓa kai kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya ba, kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001, ta fi son kashe kuɗi a kan abin da za a ɗauki hotonsa ranar buɗewa. Kwangilar kulawa ta shekara biyar da albashin masanin gwaji ba sa fitowa a talabijin. A ƙasar da jama'a ke biyan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihunsu, tiyata ta biyu iyalin majinyaci ne za su sayar da gona su biya.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati takarda, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Duk ranar da aka ji wani minista ko gwamna ya ƙaddamar da na'urar hoto mai fuska uku a ɗakin tiyata, takardun da suka cancanci a nema su ne kwangilar kulawa da ranar ƙarewarta, lasisin NNRA, sakamakon gwajin daidaito na ƙarshe da kwanan watansa, da kundin da ake rubuta yawan hasken da kowane yaro ya sha.